Neman kalmar Hausa: me za mu kira "jinotayif" na ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B?

Hajiya Binta: Assalamu alaikum malamai. Ina fassara rahoton da za a karanta a rediyo ranar 28 ga Yuli, Ranar Ciwon Hanta ta Duniya, a kan bambancin da ake samu tsakanin ƙwayoyin cutar ciwon hanta nau'in B a jinin masu ba da gudummawar jini, kuma jibi zan miƙa aikin. Kalmar "jinotayif" ce ta tsaya mini, domin in na bar ta a haka mai sauraro zai ɗauka maganar AA da AS da SS ake yi, gwajin da ake yi kafin aure saboda sikila.

Dakta Sani: Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki sa "nau'i", an riga an ba shi kansa ciwon hantar wannan kalmar. Ƙwayar cutar B ta rabu gida goma, daga A zuwa J, kowane gida shi ake kira jinotayif, kuma ba a ware gida sai jerin ƙwayoyin gadonsa ya saɓa wa na sauran da kusan kashi 8 cikin 100. Wanda ya fi yawa a Najeriya da Nijar da Ghana shi ne E, to da zarar kin ce "nau'in E" kin rikita mutane, tunda akwai ciwon hanta nau'in E na daban wanda galibi gurɓataccen ruwa ke kawo shi. Ni dai "zuriya" nake gani.

Malam Garba: Dakta, "zuriya" Larabci ce. Har yaushe za mu riƙa gudu daga aron Turanci muna faɗawa aron Larabci, alhali muna da "tsatso"? Na daɗe ina koya wa ɗalibaina ita a wannan ma'anar, kuma ba wanda ya taɓa cewa bai gane ba.

Dakta Sani: Allah gafarta Malam, kakanninmu sun yi ta faɗin "zuriya" tun kafin a haife mu, ba wanda ya kira su baƙi a harshensu.

Malam Isufu: Mu nan Damagaram ma'aikatan asibiti da Faransanci suke faɗinta, amma "tsatso" ana jin ta sarai. Abin da ba na so shi ne a yanke hukunci daga Kano ko Zariya sannan a ce an gama, kamar mu ba Hausa muke ji ba.

Malama Rabi: Malam Garba, da girmamawa, a ɗakin gwajin jini nake aiki, kuma "tsatso" ba za ta ɗauki nauyin ba. Tsatso shi ne inda aka fito, su kuwa goman nan duk tsatsonsu ɗaya ne, rabuwa suka yi. Bayan haka wasunsu sun sake rabuwa, kamar A1 da aka fi samu a gabashi da kudancin Afirka da A2 na Turai, saboda haka muna bukatar kalmar da za ta ɗauki hawa biyu, wato "reshe" da "ƙaramin reshe". Hajiya, ki kuma fito da dalilin binciken fili: gwajin da aka saba yi wa jinin gudummawa yana neman sinadarin da ke jikin ɓawon ƙwayar cutar ne, HBsAg, kuma idan ɓawon ya sauya ko sinadarin ya yi ƙaranci ƙwarai, gwajin na iya nuna jinin lafiya lau alhali cutar na ciki.

Malam Garba: "Reshe" Hausa ce, ba zan musa ba, sai dai a ajina "tsatso" zan ci gaba da cewa.

Hajiya Binta: Na gode ƙwarai. Na sa "reshen E na ƙwayar cutar B". Saura kan rahoton: na rubuta "bambancin gado", amma ina tsoron a ɗauka rabon gado ake nufi. Akwai mai wata shawara kafin gobe da yamma?