Rigar kariya mai hura iska ko ta soso: wacce zan saya?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, an mayar da ni wani ƙauye da sai an haye Kogin Neja daga Yawuri, kuma wani lokaci da yarana biyu nake shiga kwale-kwale. Tun hatsarin jirgin ruwa na Wara na 2021 gabana ke faɗuwa in na ga ruwa. Na ga rigar kariya siririya da ake rataya a wuya, wai sai an faɗa ruwa take kumbura, kuma ba ta sa zafi kamar ta soso. Don Allah wanda ya san kanta ya ba ni shawara. Ban iya iyo ba.

Tsohon matuƙin jirgin ruwa:
Wa'alaikumus salam, Malama. Tunda kin ce ba ki iya iyo ba, ki sayi ta soso. Mai hura iskar nan 'yar tukunyar gas ce a cikinta, ta manya yawanci giram 33. Iri biyu ce: wadda sai kin ja igiya, da wadda ke tashi da kanta in ruwa ya narkar da wata 'yar ƙwaya a cikinta. Wanda jirgi ya kife da shi, ga ruɗewa, ga mutane na riƙe shi, da wuya ya tuna da wata igiya. Ita kuma mai tashi da kanta, danshin damina kan lalata ƙwayar, ta kumbura a ɗaki babu dalili. Kuma sau ɗaya tukunyar ke aiki, sai an sa sabuwa. A ina za ki same ta a ƙauye? Ta soso ba ruwanta da wannan, da kin ɗaure ta ta fara aiki.

Wata uwa:
'Yar'uwa, yaran nan kada ki kuskura ki sa musu mai hura iska.  Ki nemi ta soso daidai nauyinsu, mai abin tallafe kai da ɗamarar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Ki sa wa yaro, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga: in ta haye har kunnuwansa, ta yi masa yawa, a ruwa zamewa zai yi ta ƙasa.

Mai sayar da kayan jirgi:
Baba ya faɗi gaskiya, amma fa mai hura iska tana da ranarta, musamman ga wanda ke yini a ruwa kuma ya iya iyo. In za a saya, a duba tambarin inganci na ISO 12402 da lambar 150N (ma'aunin ƙarfin ɗaga mutum a ruwa), ita aka yi don ta juya wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama. A hura ta da baki ta bututun gefe, a bar ta ta kwana. In ta sace, akwai huji. Kuma a saman kaya ake sa ta. In tana ƙarƙashin hijabi ko babbar riga ta kumbura, matse ƙirji za ta yi.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ta soso zan saya mana mu uku. Baba, hijabina fa, yaya zan yi da shi?

Tsohon matuƙin jirgin ruwa:
Ki sa gajere ranar tafiya, ki ɗora rigar a kansa, ki ɗaure tun kina gaɓa. In kin ga an yi wa jirgi lodi ya wuce kima ko magariba ta kawo kai, ki haƙura ki jira na safe.