Balami ko Uda? Masu kiwo a taimaka da shawara

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na katange ɗan fili a bayan gida, ina son in zuba tumaki huɗu da rago ɗaya. Zalla nake so, ban da gauraye, kuma don haihuwa ne, ba turkar Sallah ba. Balami ko Uda?

Ɗan Barno: Wa alaikumus salam. Balami mana, har sai an tambaya?

Na Sakkwato: Ka ji shi. Kowa nasa yake yabo. Uda ta fi juriya, Malam.

Alhaji Mai Turke: Baban Khalifa, kafin a kai ga wanne, ka fara sanin a hannun wa za ka saya. Bara waccan wani dillali ya haɗa ni da tumaki biyu a kara, farare tas, kunne har wuya, ya rantse min Balami ne uwa da uba. Wata biyar bayan barbara suka haihu, sai ga 'ya'ya da baƙi zagaye da ido kamar an ranbaɗa musu kwalli. Jinin Yankasa ne ƙarara, alhali ragona na san asalinsa. Wannan ma da sauƙi. Ɗaya daga cikin tumakin biyu ashe da cuta ta shigo: majina, ido na ruwa, ƙuraje a baki, sai zawo mai wari. Kafin likitan dabbobi ya iso ta bi ta kan akuyoyin uwargida. Ya ce PPR ce, annobar tumaki da awaki, ba ta da magani sai rigakafi. Don haka ka je gidan mai kiwo, ka ga uwar, ka ga ragon da ya hau ta, ka ga 'yan uwanta da aka haifa a baya. Ka buɗe baki ka duba haƙora, mai manyan haƙora biyu ita ce daidai, shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan. Ka kalli hanci kuma, Balami na gaske hancinsa a tanƙware yake. In ka kawo su gida ka ware su mako biyu zuwa uku kafin su haɗu da wata dabba.

Maman Ummi: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Uwargida dai an biya ta akuyoyinta ko?

Alhaji Mai Turke: Hajiya, a bar wannan maganar, har yau ana shari'a.

Na Sakkwato: To ka gani. Uda ba a yi maka wannan wasan da ita. Gaba baƙi ko ja, baya fari, a tsakiya a rabe. Ko yaro ya gane.

Ɗan Barno: Kala kawai? Ai ruwa biyu ma yana fitowa da kalar. Ka ɗora su a sikeli mu gani.

Malam Likita: Allurar PPR ta cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ce, ana samunta a ofishin kula da dabbobi, a yi wa duka garken lokaci ɗaya. A ba da maganin tsutsar ciki farkon damina da ƙarshenta. Kuma Balami ba ya son danshi, in ƙasan ɗakin na riƙe ruwa ciwon kofato zai hana ka barci. A cike da yashi, a ɗaga kwamin abinci sama.

Ɗan Autan Zaure: Ni fa tambayata harawa. Wa ya san nawa ake ɗaurin ta wake yanzu?

Maman Ummi: Auta, wanda bai tara harawa da kowar wake tun kaka ba, bazara zai sayar da tunkiya ya ciyar da sauran. Balami ci gare shi, dusa kaɗai ba ta riƙe shi. Ni Yankasa nake kiwo, ba ruwana da gasar kunne.

Ɗan Barno: Hajiya, Yankasa kuma? Mutum ya ce zalla yake so.

Maman Ummi: Ita Yankasar ba zalla ba ce? Je cibiyar binciken dabbobi ta Shika ka faɗa wa masu bincike haka.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai. To yanzu wanne zan ɗauka?

Na Sakkwato: Ranar Alhamis zan shiga kasuwar Maigatari, in kana so mu tafi tare.

Alhaji Mai Turke: Kara dai kuma? Duk bayanin da na yi?