Tiya Goma ta Masara: Musayar Waƙa kan Hukuncin Makaɗinmu

Uwar Zumunta:

Salama gare ku, 'yan'uwa. Abin da ya faru a majami'armu kashegarin godiyar kaka ya hana ni barci. An kama yaron da ke kaɗa mana ganga, ɗan shekara 19, da masara daga ɗakin ajiya. Dattawan ikilisiya za su zauna ranar Asabar. Wasu na cewa a miƙa shi ga 'yan sanda, wasu na cewa a sa shi horo. Bakina ya kasa magana, sai waƙa. Duk mai amsa ya amsa mini da baiti.

Da sunan Uba nake farawa,
Da Ɗa, da Ruhu, Allah ɗaya.

Lahadi mun kai baikon kaka,
Dawa da acca, masara, doya.

Litinin da dare na ji kururuwa,
Na fita a guje, ban duba baya.

Na tarar da shi kwance a ƙura,
Jini a goshi, ga tsohuwar taya.

Wani na neman ashana da fetur,
Wani na zabga masa sandar ƙirya.

Na haska fuska sai na gane shi,
Makaɗin gangarmu ne, maraya.

Hannun da ke tashe mu a sujada,
Shi ne a ɗaure tamau da igiya.

Na cire mayafi na lulluɓe shi,
Na ce ku fara da ni, ku 'ya'ya.

Masarar na warwatse a kwata,
Duka-duka ba ta fi goma ba a tiya.

Kwana uku kakarsa ba ta hura wuta ba,
Toka a murhu, a kife tukunya.

To ku faɗa mini, 'yan'uwana,
Mene ne hukuncinsa na gaskiya?

Ɗan Kasuwar Hatsi, daga Saminaka:

Mama, na ji, na jinjina miki,
Ban goyi bayan masu taya ba.

Amma ni ma bari in yi kukana,
Ciwon bara bai warke ba.

Sau uku aka fasa mini sito,
Ko ƙwaya ɗaya ba ta dawo ba.

Taki bashi, hayar shago bashi,
Mai bin bashi bai san uzuri ba.

Tun Mayun 2023 da tallafin fetur ya tafi,
Kuɗin ɗauko kaya bai koma jiya ba.

Kowa na jin yunwar nan, Mama,
Amma ba kowa ya ɓalle kwaɗo ba.

Gwauruwar da ta kawo mudu biyu,
Ita ma ba ƙoshi ta yi ba.

Ita ya yi wa sata, ku lura,
Ba bangon majami'a ba.

Bulus ya rubuta wa Romawa,
Mai mulki bai riƙe takobi a banza ba.

A kai shi gaban alƙali kawai,
In kun sake shi, ba ku ga na ƙarshe ba.

Tsohon Gandiroba:

Ƙanena, sannu da asara,
Na san zafin rasa masara,
Amma kafin ka yanke shawara,
Tambayi wanda ya yi tsarewa.

Shekara 35 ina cikin kaki,
Ina ƙirga mutane ɗaki-ɗaki,
Na ga mai taurin kai, na ga mai raki,
Na san abin da gidan ke koyarwa.

Ana kwana a jere kamar kifi,
Taga ƙarama, ba iska sai zafi,
Ɓarawon kaza da mai babban laifi,
Tabarma guda suke shimfiɗawa.

Fiye da rabi ba a yanke musu ba,
Jiran shari'a, ba a kira su ba,
Fayil ya ɓata, ba a nemo shi ba,
Sai ɗage zama ake ta ɗagewa.

Na ga yaron da ya ɗauki akuya,
Ya shigo yana rufe fuska don kunya,
Shekara uku, ya fita da sabuwar hanya,
Da laifin fashi ya yi dawowa.

Ran da ya dawo ya kira ni Baba,
Ya ce wancan karon ban san komai ba,
A nan na koya, ba ka gani ba?
Na juya baya, hawaye na zubowa.

A 2019 aka sake suna,
Gidan gyaran hali, haka doka ta nuna,
An sauya allo, na gani da idona,
Gabza dai tana nan, ba sauyawa.

A 1971 aka fara a Ikko,
Harbi a bakin teku, kowa ya leƙo,
Aka ce ga 'yan fashi wannan ne saƙo,
Ka duba yau, fashin ya yi raguwa?

Ɗalibar Lauya:

Baba, na rusuna, na gode,
Bari in ɗora da batun adalci.

A Osun an kama ɗan shekara 17,
Fashin kaji ne, kayan abinci.

A 2014 kotu ta ce rataya,
Ya shekara 10 yana jiran lokaci.

Sai a Disambar 2024 gwamna
Ya yi masa afuwa, ya fita ƙunci.

Ga tsoffin gwamnoni guda biyu,
Filato, Taraba, sun yi shugabanci.

Kotu ta same su da cin dukiyar jama'a,
A 2018 ta yanke hukunci.

A 2022 aka yafe musu,
Suka koma gida cikin mutunci.

Ban ce afuwa aibu ce ba, Baba,
Yadda ake rabonta ne zalunci.

Yaran da aka kwaso a zanga-zangar yunwa
Ta Agustan 2024, 'ya'yan talauci,

Ran 1 ga Nuwamba a kotun Abuja,
Wasu suka zube kamar ba sa cin abinci.

Masu taya kuma, ku ji ni da kyau,
Ba ku da kotu, ba ku da hurumin alƙalanci.

Aluu ta Ribas a 2012, taro ya kashe ɗalibai huɗu,
Sokoto a 2022, ɗaliba Deborah, ba a ba ta lokaci.

Uromi ta Edo a 2025, mafarauta 16,
Hanyar gida suke, ba a bar su da numfashi ko kaɗan ba, wane ƙunci.

Taron da ya naɗa kansa alƙali,
Kisa yake yi, ba hukunci.

Mama, ki sanar da dattawa abu ɗaya: dokar 2019 ɗin da Baba ya ambata ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma hidima. Ko da maganar ta kai kotu, ba dole sai ya kwana a ciki ba.

Mai Bishara:

Ɗan'uwa mai hatsi, ayarka daidai ce,
Romawa 13, ba na mata gyara.

Amma ka buɗe Fitowa 22,
Ka ga me Musa ya ce kan asara.

Ɓarawon sa ya biya shanu biyar,
Na tunkiya huɗu, wannan ce tara.

Ba a ce a kulle shi ya ruɓe ba,
An ce ya mayar, har ma ya ƙara.

Karin Magana 6 ta san mai yunwa,
Ta tausaya, amma biya ta ɗora.

Zakka ya sauko daga bisa ɓaure,
Ya ce ninki huɗu zan mayar, na fara.

Sai Yesu ya ce ceto ya shigo gidan,
Tuba da biya, tare da gafara.

Ɓarawon da ke gefensa a gicciye,
Ya amsa laifinsa, bai yi ƙara.

A ranar ya sami alkawarin Firdausi,
Wannan ita ce zuciyar bishara.

Yanzu bari in juya wuƙa kanmu,
Mu masu taguwa, mu masu tattara.

Firistoci 19 ta ce a bar gefen gona,
Mai yunwa ya yi kala, ya ɗan tara.

Mu mun share har ƙwayar ƙarshe,
Mun kulle ɗaki, mun sa sakata da kwaɗo mun tsara.

Za a yi gwanjo a sayi kwanon rufi,
Maraya na kaɗa mana, cikinsa na ƙara.

Wa ya leƙa gidan tsohuwar nan?
Ni ban je ba, kuma ni ke yin bishara.

Laifinsa na nan, ban goge shi ba,
Amma namu ma yana jiran gyara.

Ɗan Kasuwar Hatsi:

Malam, ka taɓa ni a nan wurin,
Akwai maƙwabcin da ban leƙa ba.

In dattawa sun yarda, a turo shi,
Dako a sitona bai ƙare ba.

Ya ɗauki buhu, ya ci guminsa,
Ya biya, ba zan riƙe ladansa ba.

Kan yaron nan na sassauta,
Kan masu kisa ban sassauta ba.

Wanda ya tare hanya ya harbe direba,
Ya karɓi fansa, bai saki mutum ba,

Farawa 9 ta yi magana a kansa,
Ban ga inda aka soke ta ba.

Malamar Katikisim:

Yayana, a wajenmu Katolika, tun Agustan 2018 Fafaroma Francis ya sauya sashe na 2267 na Katikisim, ya ce ikilisiya ba ta amince da hukuncin kisa ba. Chadi ta soke shi a 2020, Saliyo a 2021. Ga dalilina:

Jinin direban nan na kuka,
Ina jin sa har cikin raina.

A kama makashin, a tsare shi,
Kada ya sake ganin hanya da rana.

Amma alƙali ɗan Adam ne,
Shaida takan yi ƙarya, mun gani a zamanina.

Wanda aka kulle bisa kure a buɗe shi,
Wanda aka rataye, wa zai mayar mana?

Kayinu ya zub da jinin Habila,
Allah ya sa masa alama, ya hana.

Bilatus ya ce bai ga laifi ba,
Duk da haka ya miƙa Mai Cetona.

Ɗan Kasuwar Hatsi:

Na ji ki, ƙanwata, na kuma auna,
Amma har yanzu ban gamsu ba.

Ki je ki faɗa wa matar direban,
Ni bakina ba zai iya ba.

Mai Garaya:

Ni ne na koya wa yaron nan kiɗa tun yana bugun galan a bayan majami'a. Tawa tambayar daban ce.

Kun yi ta kotu, kun yi ta doka,
Wa zai kaɗa mana in za a yi waƙa?

An ce hannun sata ba ya taɓa ganga,
Ku buɗe Littafi ku nuna mini haka.

Dawuda ya aika Uriya ga mutuwa,
Ya ɗauke matarsa, ya aikata duka.

Zabura 51 daga nan ta fito,
Har yau da ita muke yin kuka.

Bulus da Sila a kurkukun Filibi,
Jiki duk tsami saboda duka,

Ƙafa a turu, da tsakar dare,
'Yan sarƙa na ji, suna ta waƙa.

Yaron nan ba shi da gona ko shago,
Gangar ce uwarsa, ita ce kaka.

In kun raba shi da ita, iyayena,
Kun miƙa shi hannun 'yan iska.

Uwar Zumunta:

Na dawo da labari. Dattawa sun zauna jiya Asabar har bayan faɗuwar rana. Ba za a kai shi wurin 'yan sanda ba. An sa shi horo na wata uku: benci na baya, ba jibin Ubangiji, ba ganga. Zai biya tiya 20 daga guminsa, kuma mun karɓi tayin ɗan'uwanmu na Saminaka. Zumuntar Mata ta ɗauki nauyin tsohuwa, kowane mako mace ɗaya ta kai awo.

Ɗana mai garaya, na ji kukanka,
Amma a nan ban bi ka ba gaba ɗaya.

Kafin Dawuda ya rera Zabura,
Natan ya zo ya faɗa masa gaskiya.

Wata uku ba shekara ba ce,
Gangar na jiran sa, ba mai saya.

Yau da tulu muka yi sujada,
Da kacau-kacau da tafi, ba garaya.

Yana zaune can ƙarshe, goshi a ɗaure,
Yatsunsa na bugun benci ta baya.

Na kai tuwon masara da kuka,
Na sa daddawa, na sa man ja a miya.

Tsohuwar ta ci loma uku ta tsaya,
Ta ce a rage wa jikana, ɗiya.

Tsohon Gandiroba:

Yaya, Allah ya saka da alheri,
An yi wa mai masara shiri da tsari,
Saura tambaya ɗaya, ki yi haƙuri,
Masu tayar fa, wa ke hukuntawa?

Uwar Zumunta:

Na ta da maganar a gaban dattawa,
Aka ce sai wani zama, Yaya.

Uku cikinsu 'ya'yanmu ne,
Na gan su da idona, ba ƙarya.

Yau suna sahun gaba da rigar mawaƙa,
Har da wanda ya gangaro da taya.