Na karɓi shagon Baba a Kantin Kwari, ya zan riƙe yaran?

Ɗan Kwari: Salam jama'a. Ciwon ƙafa ya matsa wa Baba, ya ce in bar aikin kamfani in riƙe shagon atamfa, yara huɗu ne, babbansu ma ya girme ni. Ni albashi na sani, komai a rubuce, kowa da aikinsa. Shi Baba kuɗin abinci yake ba su kullum, ɗinkin sallah, in yaro ya daɗe ya sallame shi da jari. To tun da aka cire tallafin mai a 2023 dala ta zo ta haura 1,500 riba ba ta ɗaukar sallama. In mayar da su albashi ko in bi tsarin Baba?

Maman Biyu: Allah ya ba Baba lafiya, ku gwada man zaitun.

Tsohon Masaƙa: Albashi? Ɗana ka yi hattara. Na yi aiki a wata masaƙa a Kakuri lokacin Kaduna na Kaduna, manaja da ofis da fayil, yallaɓai yallaɓai, da kayan waje suka cika kasuwa aka garƙame get ba wanda ya waiwaye mu, abokaina sun rasu suna jiran haƙƙinsu, ni wlh keken ɗinkin matata ne ya riƙe gidana. Ƙanena da ya yi yaron shago maigidansa ne ya yi masa aure. Fayil bai san matarka ta haihu ba.

Akawu: Dubu 70 ne mafi ƙarancin albashi tun 2024, amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba.

Mai Shadda: Wane 70? Layinmu dubu 30 ne da abinci.

Na Maraɗi: Mai Shadda 30 ko kuɗin mota bai kai ba. Mu da aka rufe bodar Najeriya da Nijar a 2023, yaran amana ne kawai suka zauna da mu.

Mai Shadda: Akawu ka taɓa sayar da ko yadi ɗaya? Wanda bai zauna a shago ba ya yi shiru.

Akawu: Ni nake duba littafin irinku ai.

Gwauro: Ɗan Kwari ɗauke ni, a biya ni da turmin lefe kawai 😂

Tsohon Masaƙa: Har yau katin aikina na cikin akwati.

Mai Shadda: Ni duk ba wannan ba, kuɗin haya fa? Mai gini ya ninka mana bana, kuma wai shekara biyu yake so a dunƙule. Ku nawa aka ce muku?