Kujerar ofis ɗina tana sauka da kanta, akwai gyara?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara a kan kujerar da nake aiki a kai, irin mai tayoyi da ake ɗagawa a sauke. Idan na ɗaga ta na zauna, sai ta riƙa nutsewa a hankali har ta kai ƙasa, teburin ya dawo mini wajen ƙirji. Soso da jingina duk lafiya lau, shi ya sa nake jin asarar jefar da ita. Wani ya ce mini iska ce ta ƙare, a kai a yi mata famfo. Haka ne?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kai ta wajen famfo, ba ta da bakin da za a zuba iska. Ƙarfen da ke tsakanin mazauni da ƙafafu silinda ce da aka cika da iskar naitrojin aka rufe tun daga masana'anta. A samanta akwai ɗan maɓalli, shi hannun da kake ja yake dannawa, iskar ta samu hanyar wucewa. Idan robobin da ke tare iskar suka ci, nauyinka kaɗai ya isa ya tura ta. Amma kafin ka yanke hukunci, kifa kujerar ka duba ko hannun ya lanƙwashe yana danne maɓallin kullum. Alamarsa ita ce kana tashi kujerar ta biyo ka sama ba tare da ka taɓa komai ba. In haka ne, silindar ba ta da laifi.

Amsa ta biyu:
In kai kaɗai ke zama a kai, ba sai ka sayi komai mai nauyi ba. Ɗaga ta zuwa tsayin da kake so, ka janye robar da ta rufe ƙarfen mai ƙyalli, ka goge maiƙon tas, ka naɗa salatif, sannan ka ɗaura kilif irin na tiyon radiyeta ka matse shi da sukudireba. Ko ka yanko faif ɗin roba na famfo daidai tsayin, ka tsaga shi ta gefe ka maƙala. Ni faif na fi so, kilif yakan zame.

Mai tambaya:
Na gode. Na duba hannun, yana nan daidai. Sai dai mu biyu muke amfani da ita, kuma tsayinmu ba ɗaya ba.

Amsa ta uku:
To ɗan'uwa, faif ba zai yi maka ba, canja silindar kawai. Yawancin kujeru girman bakinsu ɗaya ne: ƙasan milimita 50, saman milimita 28. Abin da ke bambanta shi ne tsayi, don haka ka auna tsohuwar ko ka tafi da ita. Ana rubuta aji a jikinsu daga 1 zuwa 4, aji na 4 ya fi kaurin ƙarfe, shi zan ba ka shawara.

Wahalar duk a cirewa take. Babu noti ko ɗaya da ke riƙe da ita, bakin ne aka yi shi da ɗan tsini, nauyin mai zama ke ƙara cusa shi, shekara da shekaru. Shimfiɗa tsumma ka kwantar da kujerar, ka fesa WD-40, wato man feshi mai sassauta tsatsa, a mahaɗar sama da ta ƙasa, ka ba shi lokaci ya shiga. Ka kama silindar da babbar sifana ta masu gyaran famfo, can kusa da mazauni, ka murɗa. Za ka ji kamar an yi mata walda, sai can ta yi ƙara ta saki. Wajen ƙafafun kuma, kifa su ka buga gindin silindar da guduma, amma ka sa katako a tsakani, ka riƙa bugun gefen, ba tsakiyar da ɗan kilif yake ba. Sabuwar kuwa zura ta kawai za ka yi, ka ɗora mazauni, ka zauna. Kar ka shafa mai a bakin.

Amsa ta huɗu:
Ƙari a kan bayanin yayanmu: don Allah kada a huda tsohuwar, kada a yanka ta, kada a sa mata wuta wai don ta saki. Ko ta daina ɗaga mutum, akwai sauran iska mai matsi a ciki.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Sifanar za ta ƙwarzane ƙarfen fa, ba matsala?

Amsa ta uku:
Wanda za ka jefar? Ƙwarzane shi son ranka. Sabuwar ce kar ka bari haƙorin sifana ya taɓa wajen mai ƙyalli, don nan ne yake shiga yana fita ta cikin robar da ke bakin bututun ƙasa, ƙwarzane ɗaya ya isa ya fara cinye ta.