Me zan tura wa tsohuwa ta riƙa saurare? Kaɗaici ya dame ta

Ɗan_Nima:
Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Mahaifiyata tana Aboabo a Kumasi ni kuma aiki ya riƙe ni a Accra, tun da Alhaji ya rasu ta fita takaba gidan ya yi mata faɗi, in na kira daga "lafiya lau" sai "Allah ya yi albarka" shikenan ta yi shiru. Da ita ke jan baƙi in mata sun zauna Ishiriniya a watan Maulidi, yanzu gwiwa ta hana ta fita. Ina so in riƙa tura mata ƙasidu irin na taro, masu amshi, amma wayarta ƙarama ce ba WhatsApp. Ya zan yi?

Maman_Asawase:
Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka wahal da ita da babbar waya, yatsunta ba za su saba da shafe-shafen nan ba. Ka sa a sayo mata ƙaramar rediyon nan mai cin memori a kasuwar Kejetia, wadda ake caji, ko an ɗauke wuta tana yi. Amma abin da za ka zuba ciki shi ne magana. Kar ka kwaso na sitidiyo da aka cika da kiɗa, ka nemi ƙawayenta da suke zama tare a ɗauko muryarsu ko da waya ce, har da tarin tsofaffi da kukan jikoki a baya duk a bar shi. Yayata da aka yi wa haka, tana jin muryar aminiyarta ta kama amshi tana hawaye, ranar har tuwo ta ƙara.

Abu_Fadama:
Ishiriniyar Alfazazi ai doguwa ce malam, kowane harafi baiti 20, ka yanka mata harafi-harafi kada ta ɓace a tsakiya. In 'yar Tijjaniyya ce ka haɗa da diwanin Shehu Ibrahim Inyass.

Zangoboy:
Ni dai gaskiya rediyo ba ɗa ba ce. Mota nawa ke tashi daga tashar Circle ta Accra zuwa Kumasi kullum? Ka shiga ranar Juma'a da yamma ka kwana biyu a gabanta yaya.

Saratu_Madina:
Zangoboy ba kowa ke da kuɗin mota duk sati ba ai. Mu Kirista ne, mamana tana Tamale, waƙoƙin zumuntar mata na Hausa nake tura mata, ran Lahadi da dare in kira ta ta ja ni in amsa, muryata kamar ta kwaɗo amma dariyar da take min ma wani abu ne. Ka gwada ka yi kuskure a baiti da gangan ka ga in ba za ta gyara maka ba, daga nan hira ta ɓarke.

Ɗan_Nima:
Na gode ƙwarai. Yaya Saratu wannan dabarar zan fara yau bayan isha'i. Mama memori mai giga nawa zai isa?