Takardu sun maƙale a layin firinta, Windows 7

Ɗan Gusau: Salamu alaikum. Tun da aka ɗauke wuta ana cikin bugawa, takardu suka maƙale a layi, sun ƙi fita, sun ƙi goguwa. Ina mafita?

Na Argungu: Wa alaikumus salam. Aikin farko ne ya lalace ya tare na baya. Kashe firintar. Buɗe cmd (tagar rubuta umarni) a matsayin Administrator, rubuta net stop spooler, don tsayar da Spooler, wato manhajar da ke kula da layin bugawa. Shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, goge fayilolin SPL da SHD, amma kada ka goge foldar kanta. Sai net start spooler, ka kunna firintar.

Hajiyar Ƙaura: Ƙanena, in Spooler ya sake tsayawa, direba ce (manhajar da ke haɗa firinta da Windows) ta lalace. Rubuta printui /s /t2 a cmd, cire direbar, ka sa wadda ta dace da Windows ɗinka, 32 ko 64 bit.